Ranar da Baba Fis Ya Tambayi Launin Waya

Shekara goma sha tara ina facin taya a rumfar da ke jikin garejin Baba Fis. Bangon langa-langa ne kawai tsakaninmu, ko tari ya yi ina ji. Aikinsa wayarin ɗin mota, kuma bakinsa ne ya jawo masa wannan suna: duk motar da aka turo masa, ko mai ita yana rantsuwa injin ne ya buga, sai ya ce, "A fara duba fis tukuna," wato ɗan abin nan da ke ƙonewa ya yanke wuta in ta yi yawa.

Gajere ne siriri, yatsunsa duk tabon ƙunar dalma. Ya koyi sana'ar tun lokacin da wayoyin mota ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Da motoci masu ƙwaƙwalwa suka shigo, sa'o'insa da yawa suka ajiye aiki, shi kuwa ya sayi na'urar bincike ya zauna ya koya, yana da shekara hamsin da ɗoriya. Da wannan sana'a ya yi wa 'ya'yansa mata uku karatu. Abin alfaharinsa ɗaya ne, cewa bai taɓa ƙona wa kowa mota ba.

Bara na fara lura da wani abu. Sai ya riƙa sa a turo mota waje tsakiyar rana, alhali ga inuwa a rumfa. Aikin ƙarƙashin sitiyari kuma ya daina karɓa, wai bayansa ke ciwo. Ban tambaya ba, don ba a tambayar Baba Fis abin da bai faɗa ba.

Wata Talata da hantsi Sista ta shigo da motarta tana tafiya kamar mai ciwon ƙafa. Ungozoma ce, ita ta karɓi haihuwar 'ya'yansa duka uku, don haka ba ya iya ce mata a'a.

"Baba Fis, motar nan za ta kashe ni," ta ce tun kafin ta rufe ƙofa. "In na taka totur sai ta yi kamar an riƙe ta ta baya. Ga wata fitila ruwan ɗorawa da ta ƙi mutuwa. Gareji biyu na kai ta, kowa ya canja mini abu ɗaya, kwana biyu ta dawo gidan jiya."

"Me suka canja?"

Ta miƙo masa leda da tsoffin kayan a ciki. Ya juya su a hannu. Solinoyid ne, wani ɗan abu kamar kwalbar turare da ke zaune a jikin manifol, wato bututun da ke raba wa injin iska. In wuta ta shige shi sai ya buɗe wa iska hanya, in ta ɗauke ya rufe.

"Ƙarfe huɗu nake so in kama hanya," in ji Sista. "Akwai wata mai ciki a bayan tsauni, jininta ya hau, na yi mata alkawari yau zan kwana kusa da ita. Hawan nan kuwa motar ba za ta iya ba a haka."

Ta tari ɗan acaɓa ta koma asibiti, ta bar masa makulli.

Ya jona na'urar. Na ga ya kai fuskarsa har hancinsa na neman taɓa gilashin kafin ya karanta. Ta nuna masa laifin yana layin wutar solinoyid ɗin. Ya duba fis, lafiya lau. Ya ɗora mitar gwada wuta a kan sabon solinoyid, ya ɗora a kan tsofaffin biyu, duka ukun ƙalau suke.

"Ka gani ko, mai faci?" ya ce da ni ta saman bango. "An yi ta yi wa mai lafiya allura, mara lafiya na kwance."

Waya biyu ke shiga soket ɗin solinoyid. Ɗaya ta kawo wuta daga fis, ɗaya ta tafi ƙwaƙwalwar mota, wadda ke ba da umarnin buɗewa da rufewa. Ya murɗa makulli ya taɓa ta farko da fitilar gwaji, ta kama tar. Saura ta biyu. Ita ce ta shige cikin damin wayoyi mai kaurin hannu, ta bi bayan injin, ta fito a soket ɗin ƙwaƙwalwa tare da 'yan'uwanta sun fi sittin.

A nan ne hannunsa ya tsaya.

Abin da ke ransa a lokacin, sai daga baya ya gaya mini. Wata takwas ke nan yana gani kamar ta cikin gilashin da aka shafa wa mai. Kore da shuɗi sun zame masa abu ɗaya. A soket ɗin ƙwaƙwalwa ga waya biyu jere da juna, kowacce da farin ratsi, ɗaya kore ɗaya shuɗiya, shi kuwa duka toka-toka yake ganinsu. Ɗaya ce ta solinoyid. Ɗayar ta wata na'ura ce mai laushi wadda ba ta jure wutar batir. In ya tura wuta a wadda ba ita ba, ko ya yanke ta ya haɗa, wani abu zai ƙone, mai yiwuwa ƙwaƙwalwar kanta, kuma irin ta motar Sista sai an yi mako uku ana nema.

Ya goge ido da gefen riga ya sake leƙawa. Ya kunna tocilan. Ya kashe. Zufa ta karyo masa har tana ɗiga a kan injin. Sau biyu na ga ya ɗauki almakashin waya ya mayar. Ya je ya zauna a kan benci, ya tashi, ya zagaya motar kamar mai neman abin da ya faɗi.

"Baba, lafiya?"

"Yi facinka."

Ƙarfe ɗaya ta wuce. Wayarsa ta yi ƙara, ya duba, ya mayar aljihu bai ɗauka ba. Na san Sista ce. Ya ce a ransa yana ta lissafi: in ya kira ni in duba masa, kafin magariba duk layin garejin sun ji Baba Fis ba ya gani, kuma wa zai kawo wa makaho wayarin? In ya yi canke kuma ya kuskure, ga mai ciki can tana jira. Wai har ya fara shirya ƙaryar da zai yi wa Sista, ya ce kayan aikin ne babu.

Ana haka matarsa ta iso da kular abinci, kamar kullum. Mace ce mai jiki, ba ta da yawan magana, amma in ta yi ɗaya ta isa. Ta ajiye kular ta dube shi.

"Baban yara, me ya same ka kake zufa haka?"

Ya waiga hagu da dama. Can ya matso kusa da ita, ya rage murya, ya manta bangon langa-langa ne.

"Zo ki duba mini. Waɗannan biyun, wacce ce kore?"

Ta gyara mayafi ta sunkuya cikin bonet. "Ta hannun dama ce kore. Ta hagu shuɗiya."

"Kin tabbata?"

"Ni da nake zaɓar zaren ɗinki shekara talatin?" Ta miƙe. "Kana zaton ban sani ba? Wata nawa kana fita da takalmi ƙafa ɗaya baƙi ƙafa ɗaya ruwan ƙasa, ina bin ka ina canjawa? Jira nake ka faɗa da bakinka."

Ya sunkuyar da kai. Ni kuma na ƙara wa injin iskata wuta don kada su san ina ji.

Ya cire kan batir, ya zare soket ɗin ƙwaƙwalwa, ya ɗora mita tsakanin bakin koren nan da ɗaya bakin nata a wajen solinoyid. Mitar ta yi ƙara alamar waya a haɗe take. In kuwa wayar lafiya take, to ƙwaƙwalwar ce ta lalace. Sai ya ce wa matar ta riƙe masa mitar, shi kuma ya kama damin wayoyin yana girgizawa kaɗan-kaɗan, taƙi bayan taƙi. Da ya kai bayan injin, inda damin ya jingina da wani ƙarfe, ƙarar ta yanke.

"Ta yi shiru!" in ji matar.

Ya saki, ta dawo. Ya taɓa, ta yanke. Ya warware salatif ɗin wurin, ya rufe ido ma gaba ɗaya, ya bi wayar da yatsa har ya ji inda ta yi laushi. Robar waje lafiya, amma a ciki ƙarfen ya cinye ta, sili biyu kacal suka rage, su ma a tsinke. Mota na tsaye suna taɓa juna, injin na girgiza su rabu.

Ya yanke wurin, matar na faɗa masa launi, ya ƙara sabuwar waya ya liƙe da dalma, ya naɗe, ya ɗaure damin nesa da ƙarfen. Ya mayar da komai ya share laifin a na'ura. Ya tayar da mota. Fitilar ba ta dawo ba. Ni na tuƙa ta zuwa gada na dawo, don ya ce ba zai hau titi ba, kuma a hawan gadar ta ja kamar doki.

Sista ta zo huɗu saura kwata. Kafin ya buɗe baki matar ta riga shi.

"Sista, idon mutumin nan ya yi yana, yana ta ɓoyewa."

Sista ta ja fatar idonsa ƙasa da babban yatsa, a nan tsakiyar gareji, ta leƙa. "Kai, Baba Fis! Wannan ai aikin rabin awa ne. Ranar Litinin ka zo, zan haɗa ka da likitan ido." Ta shiga mota ta tafi.

Litinin uku ya tsallake, tsoron wuƙa yake ji. A ta huɗu 'yarsa ta fari ta zo ta tasa shi gaba. An yi masa na dama, ya warke sarai. Na hagu har yau yana cewa sai an sha iska. Ya koma karɓar aikin ƙarƙashin sitiyari, yana yi yana kanne ido ɗaya, kuma makon jiya ya leƙo rumfata ya tsaya yana kallona, ya ce ashe haka na yi furfura bai sani ba.