Fangalin Shu a Shekarar Fari

A shekarar da gero ya bushe a tsaye tun bai fid da kai ba, ina aji na uku a koleji a Tasawa. Mu biyu aka turo daga ƙauyenmu na wajen Baudeta, ni da ɗan ƙanen babana, muna zaune gidan wani tela da ya karɓe mu saboda Allah. Ɗan'uwan nawa ya riga ya maimaita aji sau ɗaya. Doka kuwa a fili take: wanda ya maimaita, in mwayen ɗinsa, wato matsakaicin makinsa na shekara, bai kai goma bisa ashirin ba, kora ce.

Kowa da dabararsa ta ɗaga mwayen. Wasu su koma bencin gaba don mushe, wato malami, ya san fuskarsu. Wasu su taru gindin itacen bedi suna jefa wa juna tambayoyi. Ni nakan mai da darasin tarihi ajami, in yi ta bita kamar hadda. Shi duk ya gwada, amma lissafi ya ƙi shi ƙememe.

Ana nan sai sojojin da ke mulki suka ce kowace lakwal, wato makaranta, ta yi noman rani. Aka kewaye fili da ƙaya a bayan azuzuwa, aka yanka wa kowane ɗalibi fangali, aka ce za a ba shi maki kamar sauran darussa. Ɗan'uwana ya ga ƙofa ta buɗe. In ya samu maki mai kyau a lambu, zai rufe ramin da lissafi ya haƙa masa.

Ya shuka shu, wato kabeji. Sai dai ruwa ya yi ƙasa a rijiya, mata na wuni a bakinta, ɗan abin da lakwal ke ba mu kuwa ko ƙasa ba ya jiƙawa. Matar tela takan cika wa kowannenmu buta don alwalar yini. Sai na lura shi taimama yake yi, butar kuma tana bin shi lakwal.

Na ce, "Kai, tsoron Allah! Da ruwa a hannunka kake dukan ƙasa?"

Ya ce, "Ruwan ba nawa ba ne, na ɗiyana ne."

"Ɗiyanka masu koren kunne?"

"Su dai. Kai da naka suka mutu, wa ya zo maka gaisuwa?"

Gaskiyarsa, nawa fangalin ya daɗe da bushewa. Nasa kuwa ya yi shar, kawuna sun dunƙule, har mushen lambu yakan tsaya ya daɗe yana kallo.

A lokacin mutanen ƙauyuka sun fara kwararowa gari, suna kafa bukkokin tsumma a bayan shingen lakwal. Wata safiya, ana saura kaɗan a ba da maki, muka tarar an tsige fangalin ɗan'uwana, sai kututture. Mai gadi na riƙe da wata mata a gefe, ganye a ƙulle a bakin zanenta. Da ta ɗago kai, sai na gane ta. Maƙwabciyarsu ce a ƙauye, wadda ta goye shi lokacin da uwarsa ta yi doguwar jinya. Ta rame har sai da na sake dubawa.

Mushen lambu ya ce wa ɗan'uwana, "Sata ba laifinka ba ce. Makin abin da na gani jiya shi zan ba ka. Sai dai ka bi mu wurin jandarma ka shaida naka ta ɗiba."

Duk mun san abin da ake yi wa wanda ya taɓa kayan gwamnati a zamanin nan. Mun sha gani a bakin kasuwa, ana gurfanar da mutum cikin rana, bulala na sauka.

Ɗan'uwana ya ce, "Mushe, ni na ce ta ɗiba."

"Ka san mi kake faɗi? In kai ka bayar, sifili ne. Ba ni da yadda zan yi."

"Na sani, mushe."

Mai gadi ya sake ta. Ta matso, ta ce, "Ɗana, wallahi ban san naka ba ne."

Ya ce, "Ba komi, Inna. Ina su baba?"

"Sun yi kudu tun watan jiya. Gida ba kowa."

A ƙarshen shekara aka tara mu gindin tuta, darakta ya karanta sakamako. Ni na wuce. Shi abin da ya hana shi kaiwa goma bai taka kara ya karya ba, amma sunansa na cikin waɗanda aka kora. Bai yi kuka ba. Ya mai da littattafan gwamnati, ya durƙusa ya yi wa tela godiya, ya naɗe tabarmarsa. Na raka shi har bayan gari, inda ya shiga ayarin masu tafiya Katsina da ƙafa, ko Allah zai haɗa shi da iyayensa. Da ya waiwayo ya ce mini, "Koma, rana na yi. Ka yi karatun mu biyu."

Allah Ya saka masa da alheri a inda yake. Bai sake zama a aji ba.