Bakaniken da Ya Ƙi Mayar wa Mota Ciwonta

Kafin masu shagunan layin su ɗaga ƙyaurensu, shi ya riga ya share gaban garejinsa, ya jera sifanoni a kan tsohon buhu, ya zauna a kan wata kujerar mota da aka cire tun ba a haifi wasu masu kawo masa gyara ba. Ba ya taɓa ƙarfe sai ya sha shayinsa. Idan mota ta shigo ba ya zabura. Yakan bar mai ita ya gama surutunsa, sannan ya zagaya baya, ya sa yatsa a bakin salansa, ya duba abin da ya lakato, ya shinshina. Duk wanda ya ce masa, "Baba, ina jin fulogi ne," amsa ɗaya yake samu: "Sai na gani." Da haka sunan ya bi shi, har matarsa da shi take kiransa idan ya ɓata mata rai.

Ƙarshen watan nan Sai-Na-Gani zai rufe garejin. Bayansa ya ƙi, ba ya iya shiga ƙarƙashin mota ya fito sai an kama shi. Babu wanda zai yi masa taro, babu mai ba shi lambar yabo. A layin ma akwai masu cewa gara haka, tsohon ya cika jinkiri da baƙar magana.

Ba su yi ƙarya ba, yana da su duka biyun. Wani tela ya taɓa kawo masa tsohuwar jip, ya ce a buɗe injin don tana shan mai kamar ana zuba shi a rami. Tsohon ya sa shi ya tuƙa su zagaya unguwa, da suka dawo ya ce, "Injinka bai yi maka komai ba. Ƙafarka ce, ka ɗauka keken ɗinki kake takawa." Ya ƙara wa tayoyin iska, ya sa aka sauke ƙarafan da suka shekara a kan rufin, ya kore shi. Telan ya yi fushi, amma har yau da motar yake yawo. Irin wannan labarin kowa a layin yana da guda. Duk da haka garejin da ke kallonsa, inda ake canza fulogi a ce maka an gama kafin ka ƙare gaisuwa, shi ne kullum a cike. Mu ne muke cika shi. Mun fi son a yi mana ƙarya da wuri a kan a faɗa mana gaskiya a makare.

Amma abin da ya sa ya cancanci wannan jinjina bara ya faru, kuma bai ƙare da daɗi ba.

Akwai wani ƙaramin asibiti da ke da tsohuwar jip guda ɗaya, ita ce mai ɗauko mata masu naƙuda daga ƙauyukan da ƙaramar mota ba ta iya shiga. Direbanta wani mutum ne da ake kira Dogo, mijin Auta, ƙanwar Sai-Na-Gani. Man da ake ba shi da can yana kai shi ƙarshen mako. Sai ya fara ƙarewa a tsakiya. Dogo ya yi magana, aka kai motar garejin da asibitin ke hulɗa da shi, suka canza fulogi suka ce lafiyarta ƙalau. Ya sake magana, suka sake canza fulogi. Rannan da rana tsaka motar ta mutu a hanya da mace a kwance a baya, ungozoma na riƙe da ita. Allah ya taimaka wata babbar mota ta biyo. Matar ta rayu da ƙyar.

Washegari jami'in mulki na asibitin ya ce ai magana ta fito. Mota lafiya, mai na ɓacewa, makulli a hannun mutum ɗaya. Aka dakatar da Dogo, aka fara raɗe-raɗin yana zuƙe man da tiyo da jarka.

Ungozomar ce ta nace a kai motar wani wuri a sake dubawa, ita ce kuma ta kawo ta. Auta ta riga ta isa garejin, idanunta sun kumbura.

"Yaya, ka san shi. Dogo ko canjin cefane ba ya iya ɓoyewa."

"Na san shi da ci da barci," in ji tsohon. "Motar ce ban sani ba. Kuma ki ji da kyau, Auta, in na ga shi ne, zan faɗa."

Bai buɗe injin ba tukuna. Ya cika tanki har baki a gaban ungozomar, ya ɗaure murfin da waya, ya ce ta shiga gaba. Shi da kansa ya tuƙa, da bayan nan nasa, har ƙauye mafi nisa suka dawo. Da aka sake cika tankin, man da ya shige ya kusa ninka abin da ya kamata. Babu tiyo, babu jarka, babu Dogo.

Daga nan ya fara bi ɗaya bayan ɗaya. Ya dafa ƙafafun motar, uku da ɗumi, ta baya ta hagu ta ƙona masa tafi: burki ne ya maƙale, motar tana jan kanta kamar mai tafiya da dutse ɗaure a ƙafa. Bakin salansa baƙi ƙirin da toka, sababbin fulogin ma sun yi baƙi. A hanya ya lura allurar zafi ba ta taɓa tashi daga ƙasa ba, duk nisan nan. Ya kwance inda tiyon ruwa ke shiga injin, ya leƙa, ya yi tsaki. Akwai wani ɗan ƙarfe, tamostat, da ke tare ruwa har injin ya yi zafin da yake buƙata. Babu shi. An cire, an haɗa fanka kai tsaye tana juyawa ba hutu. Motar ta taɓa yin zafi, maimakon a wanke lagireto sai aka yi abin da aka saba yi, aka ce wannan ƙarfen na ƙasashen sanyi ne. Tun daga ranar injin bai sake ɗumama yadda ya kamata ba, ƙwaƙwalwar motar tana ganin kullum yanzu aka tayar da ita, tana ta ƙara mai. Motar kuwa ta yi ƙoƙarin faɗa. Akwai fitilar gargaɗi a gaban direba. Da tsohon ya kankare wurin da farce, sai ga baƙin salatif an liƙe ta da shi.

A nan ne jini ke tafasa. Ba mugunta ba ce ta cire ƙarfen nan, kuma ba mugunta ta liƙe fitilar ba. Sabo ne. "Haka kowa ke yi." "A haka ma tana tafiya." Da waɗannan kalmomin muke tafiyar da mota, da asibiti, da makaranta, idan abu ya lalace kuma mu nemi wanda ba shi da kowa mu rataya masa.

Jami'in mulkin ya zo garejin da kansa. Aka nuna masa komai, ya yi ta gyaɗa kai yana duba agogo.

"Sannu da ƙoƙari, Baba. Ka gyara mana ita kawai. Sauran maganar ta ofis ce."

"Wace saura, ranka ya daɗe? Maganar kenan gaba ɗaya."

"An riga an zauna. An ɗauki sabon direba, motar kawai yake jira."

Da yamma Auta ta dawo, Dogo na biye da ita. Tsohon yana zaune da sabon tamostat a hannu bai ɗaura ba. Su ukun duk sun gane abin da ke gabansu. Idan ya gyara motar, sabon direba zai karɓe ta tana shan mai daidai, kowa ya ce da aka kori ɓarawo ai ga shi mai ya daina ɓacewa. Idan ya mayar da ita yadda ya same ta, man zai ƙare wa sabon direban a tsakiyar mako, sunan Dogo ya wanku ba tare da kowa ya buɗe baki ba.

"Ka mayar musu da abarsu yadda take, Yaya," in ji Auta. "Ba ƙarya za ka yi ba. Ba kai ka lalata ta ba. Mako ɗaya kawai."

"A makon nan mata za su daina haihuwa?"

"Su ƙara masa mai mana. Ni 'ya'yana fa? A makaranta an fara ce musu 'ya'yan mai tiyo."

"Za su ƙara masa bayan motar ta mutu a hanya. Ba sa ƙarawa kafin."

"Tun muna yara haka kake. Ƙarfe ya fi maka mutum."

Ya dubi Dogo, wanda ya jingina da motar yana shafa murfin tankin da babban yatsa.

"Ni ban ce komai ba, Yaya," in ji Dogo.

"Na ji ba ka ce ba."

Ya sa aka kama shi ya durƙusa, ya ɗaura ƙarfen. Ya saki burkin, ya wanke lagireto, ya mayar da fanka kan ƙa'idarta. Auta ta tafi tun bai gama ba.

Abin da suka hango shi ya faru. Man ya kai ƙarshen mako har da saura. A taron ma'aikata jami'in ya ce, "Kun gani? Direba kawai muka canza." Sai-Na-Gani ya zuba baƙaƙen fulogin da tsohon burkin a leda ya tafi ofis, ya wuni a kan benci. Da aka shigar da shi aka ce, cikin ladabi, ai shi yayan matar Dogo ne, me ake tsammanin zai ce. Ungozomar ta yi magana, aka tuna mata cewa aikinta karɓar haihuwa ne. Garejin da ya cire ƙarfen har yanzu shi ke duba motocin asibitin. Dogo ya nemi tuƙi a wurare da dama, ko'ina sai a ce za a tambayi inda ya baro, daga nan shiru. Yanzu lodin kaya yake yi a bakin kasuwa, mutumin da ya shekara da shekaru bai taɓa goga mota a jikin bango ba. Auta takan biyo ta wani layin idan za ta wuce. Yaranta sun daina zuwa gaishe da kawunsu.

Kai ne ka san abin da gyaran zai jawo maka, Baba, ka kuma yi shi. Kai ne aka ba hanyar wanke naka ba tare da ka furta ƙarya ko ɗaya ba, ka ƙi, saboda wata mata da ba ka san sunanta ba, wadda ba za ta taɓa sanin naka ba. Ba mu da wani labari mai daɗi da za mu ba ka a madadin abin da ka rasa. Ba a mayar da Dogo ba, ba a ba kowa haƙuri ba, kuma za ka rufe gareji ƙanwarka ba ta yi maka magana. Mun gode, duk da mun san godiyar ba ta kai ko'ina ba. Allah ya ba ka lafiyar bayanka, ya sanyaya zuciyar Auta.

Ku kuma matasan da ke riƙe da sifana, da ku masu zama a ofis kuna yanke wa mutane hukunci, abin koyin ba mai wuya ba ne a faɗa: a duba kafin a zarga, idan an gano kuma a gyara, ko gyaran zai ci naka. Wuyar a yi ne, shi ya sa masu yi suke ƙarewa ɗaya bayan ɗaya ba a maye gurbinsu. Wanda ke neman direba a cikinku, akwai wani dogon mutum a bakin kasuwa yana ɗaukar buhu. Bai saci mai ba. An faɗa a gareji, an faɗa a ofis, ba a ji ba, ga shi an faɗa a nan.

Jip ɗin dai tana zuwa tana dawowa, matan suna isa asibiti a kan lokaci. Kuma duk makon da man ya kai, mutane suna ƙara tabbata cewa Dogo ɓarawo ne.