Kwanon Inna Mai Zuwa Paraku

Watan nan shekara talatin ke nan da rasuwar mahaifiyata, Inna Adama. Ni ba mai dogon karatu ba ne, aji huɗu na yi a lekol, wato makarantar boko, na koma kasuwa. Amma akwai maganar da ta daɗe tana cina a rai, kuma duk ƙarshen shekara sai ta taso.

Inna 'yar ƙabilar Yom ce daga Partago. Ta musulunta kafin ta auri Baba, wanda ya gaji fataucin goro a Jugu. Cikin waɗanda suka fito ciki ɗaya, ƙaninta kaɗai ya rage mata. Shi fada-fadan coci suka yi wa baftisma, ya zama Mishel, ya samu aiki a tashar jirgin ƙasa ta Paraku lokacin ana kiran ƙasar nan Dahomey, ba a daɗe da samun 'yancin kai ba.

Duk Kirsimeti, da muke kira Nowel, Inna takan aika masa kyauta, kuma ba ta taɓa haɗa ta rana ɗaya ba. Man kaɗanya da daddawa take sayarwa a ƙofar gida. Tun sabuwar doya ta fito take farawa. Ranar da ciniki ya yi kyau, ta ware curi ɗaya ta sa a tukunya. Ranar da bai yi ba, ta bar tukunyar ta huta. Ta san rabon kowa a kanta: turmin atamfa na matar Kawu, wanda take biya kaɗan-kaɗan, mai da daddawa na gidan, alewa ta yara. Har maƙwabcinmu malamin lekol, da yake Kirista ne, yana samun zakara. Ba ta cin bashi, ba ta taɓa kuɗin cefane. Abin da bai samu ba bana, sai ta ce ya jira baɗi.

Kayan Kawu a babban kwanon sha mai murfi take shirya su, ta ɗaure da zane. Da yake ina kai goro Paraku, ni ne ɗan aike. A wajenmu ba a mayar da kwano haka nan. Ko gishiri ne sai an zuba. Wanda ya mayar maka da kwano wayam, ya ce ne kada ka sake aikowa. Kawu kuwa da busasshen kifin teku da garin rogo da sabulu yake cika shi.

Shekarar da na fara neman aure a zangon Paraku, kunya ta kama ni. Abokaina suka gan ni da kwano a ka na nufi unguwar ma'aikatan jirgi, suka yi ta tsokanata da ɗan aiken coci. Na ji tsoron maganar ta kai kunnen surukaina. Ba wani malami da ya hana ni, kada in ɗora wa addini laifina. Girman kai ne kawai. Na sauke kayan a gidan fatoman da nake sauka, na ce tsaraba ce daga gare ni, ya yi ta sa mini albarka. Na wanke kwano na mayar wa Inna.

Ta buɗe murfin, ta daɗe tana duban ciki.

"Ka same shi lafiya?"

"Lafiya lau, Inna."

"Bai ce komai ba?"

"Yana gaishe ki."

Ta rufe, ta tura ƙarƙashin gado. Na zaci magana ta ƙare. Da doya ta fito, sai na ga ta jawo tukunyarta. Shekara uku ina yin haka. Ina kallonta tana ramewa da tunanin ɗan'uwanta ya yanke ta, shi kuma can yana zaton ita ta yanke shi. Ina gani, ban fasa ba.

Kwana biyu bayan Nowel ta uku, da hantsi, muna tsakar gida sai ga sallama. Kawu ne, ya sauko daga motar kaya, riƙe da wani kwano da ban sani ba. Ya durƙusa gabanta.

"Yaya, naki bai zo ba, sai na ari na maƙwabta. In laifi na yi, ki faɗa mini. Shekara uku matata tana haɗa kifi tana jira."

Inna ta dube ni sau ɗaya. Ban taɓa jin tsakar gidanmu ta yi mini ƙunci kamar ranar ba. Sai ta juya gare shi ta dafa kansa.

"Tashi, sarkin kuka. Laifin daga gidan nan yake, ba daga naka ba. Ka ga yadda ka tsufa, ko jirgin ne kake turawa da hannu?"

Ya yi dariya yana share ido. Bai sake tambaya ba, ita ma ba ta ƙara ba. Ba ta yi ƙarya ba, ba ta kuma tona ni ba.

Da shekara ta zagayo na ɗauka za ta ba wani direba. Sai ta kira ni, ta ɗora mini kwanon a hannu, ta ce, "Salisu, ka san gidan." Na kai. Na ci gaba da kaiwa har ta bar duniya. Amma ban taɓa buɗe baki na ce ta yafe mini ba. Kullum sai in ce gobe.

Yau ina ganin yadda ake yi. Mutum ya bari sai saura kwana uku, ya ci bashi, ko ya tura kuɗi ta waya ya rubuta layi ɗaya. Jikokina ma haka suke yi, ba na zarginsu. Da Inna tana nan, na san za ta karɓi wayar ta juya ta, ta tambaya a ina ake zuba abin mayarwa. Ita wata huɗu take yi tana tuna mutum kafin kyautar ta isa gare shi, kuma ina jin tunawar ita ce rabin abin da ke cikin kwanon.

Kawu ma ya rasu. 'Yarsa Mari tana nan a Paraku, ita ma da jikoki. Ba ta san wannan labari ba, a jaridar nan za ta fara jin sa. Mari, atamfa uku na mahaifiyarki ni na hana ta ɗaurawa. Ki yafe mini.

Kwanon yana wajena, fentinsa ya zube, murfin ya lotsa. Tun watan doya matata ta fara tara mai. Ranar Asabar zan hau mota da kaina, ba zan aiki kowa ba. Mari, in kin mayar mini da shi wayam, ba zan ga laifinki ba. Baɗi ma zan kawo.