Fiffiken Hagu

Ƙarfe bakwai da kwata ne na yamma, ranar Laraba. Na tabbata da lokacin domin mahaifina ma'aikacin jirgin ƙasa ne a Nguru, agogonsa kuwa ba ya kuskure. Mu shida ne a bakin murhu: ni, ƙannena biyu, Fanna da Bukar, 'ya'yan maƙwabta biyu, sai Kaka. Baba yana zaure. Shekarata goma sha ɗaya.

Kaka mahaifiyar Baba ce, 'yar masunta daga Gashuwa. Duk shekara bayan kaka takan hau mota ta zo ta yi mana wata guda. Hausarta da nauyin Badanci, amma in ta fara tatsuniya ko kaza ba ta motsi a gidan. Ni take kira Maigida, kullum tana ƙorafin ban ba ta cefane ba.

A wannan zuwan nata ƙanin Baba ya kawo mini tsaraba daga Kano: kwali mai hoton jirgin sama, a ciki gutsattsarin roba masu launin toka, da takarda mai lamba ɗaya zuwa tara. Da karan dawa muka saba yin jirgi. Irin wannan ba yaron da ya taɓa gani a unguwarmu. Na ware gangar jiki gefe, fukafukai gefe, farfela da ƙafafu gefe. Sannan na tarar gam ɗin da aka haɗo da shi ya bushe ƙamas.

Kaka ce ta jiƙa mini ƙaro a kasko. Ta ce, "Maigida, da wannan ubana yake liƙe gorarsa ta kamun kifi. Shafa kaɗan, ka ɗora a kan dutsen can, kamu ɗaya daga wuta. Sai gobe za ka taɓa."

Na bi lamba ɗaya zuwa biyar, na liƙa fukafukai, na ɗora a dutsen. Sai ta gyara zama ta ce, "Ga ta nan tafe, ku ba ta hanya." Muka ce ta iso.

Wai wani masunci ne ya tsinci tsohon zalɓe a bakin kogi da karyayyiyar ƙafa, ya ɗora masa ita da tsinke da zare. Da zalɓe ya warke sai ya nuna masa gurbi uku da kifi yake kwanciya. Ya ce kada ya shiga na biyu sai ya shekara a na farko, kada ya shiga na uku sai ya shekara a na biyu. Masunci ya kwanta a kan gorarsa ya shiga na farko, ya cika ta da karfasa. Kwana bakwai kawai ya yi, zuciyarsa ta ce masa, in na farko haka yake, ina ga na uku?

Ni ma a lokacin zuciyata tana magana. Gobe akwai makaranta, ina so in shiga aji da jirgi a hannu. Na ga yaran sun zuba wa Kaka ido, sai na miƙa ƙafa a hankali na tura jirgin daga kan dutse zuwa bakin garwashi, don ya yi saurin bushewa.

Kaka ta rage murya. "Ya wuce na biyu ko kallo bai yi ba. Ya isa na uku, ruwa baƙi ƙirin. Ya zura hannu ƙarƙashin gora, sai ya ji caraf!"

Fanna ta toshe hanci ta ce, "Wai, mene ne ke wari?"

Fiffiken hagu ya narke, ya lanƙwashe kamar ganyen kuka a tukunya. Abin da na yi bayan haka zan faɗe shi bi da bi, ba ragi. Na farko, na yi ihu. Na biyu, na ce Kaka ce ta sa ni ajiye shi kusa da wuta. Na uku, na kwaikwayi Hausarta a gaban 'ya'yan maƙwabta, na ce ta koma ta liƙe gorarta, ba ta san komai ba sai warin kifi. Yaran suka yi dariya.

Baba ya shigo, ya dubi jirgin, ya dube ta. Ni ya kamata ya mara. Sai ya ce a hankali, "Inna, kayan nan na zamani ba ki san su ba. Ki riƙa bar masa abinsa."

Ta ce, "To, na ji. Laifina ne."

Bukar ya ja zanenta. "Kaka, me ya kama masuncin?"

Ta ce maƙogwaronta na ciwo. Ta ƙara kwana tara a gidanmu, kullum bayan cin abinci yara su taru, kullum maƙogwaro bai warke ba.

Ran tafiyarta ni na ɗauki ƙullin kayanta zuwa tasha. Da za ta hau mota sai ta riƙe kunnena kamar mai wasa, ta ce, "Maigida, in za ka sake tura abu da ƙafa, ka duba wanda ke zaune a gefen ƙafar." Ta ba ni busasshen kifi guda. Na buɗe baki, yaron mota ya buga ƙarfe, mota ta tashi. Da damina aka aiko daga Gashuwa cewa ta rasu.

Da na girma na kama aiki, na haɗa irin jiragen nan da yawa. Ina son aikin har gobe: ƙamshin gam, ƙarar ɓalle gutsure daga sandar robar da yake manne a jiki, farfela da ke juyawa in an hura ta. Ban sake yi wa gam gaggawa ba, ba na tsallake lamba. Na daɗe ina ɗauka darasin ke nan, bin tsari. Sai da na haifi nawa na gane wancan ƙaramin laifi ne. Babban shi ne ta ga ƙafata, ta rufa mini asiri a gaban ubana, ni kuwa na bar ta ta ɗauki kunyar ta tafi da ita. Na faɗa wa Baba gaskiya bayan shekara ashirin. Ya ce ba shi ya kamata in faɗa wa ba.

Na hana yara huɗu ƙarshen labarinsu. Fanna da Bukar suna raye, sun tsufa, har yanzu sukan tambaya. Na nema a Gashuwa, na nema a Jajimaji, ban samu wanda ya san shi ba. Saboda haka, mai karatu, idan kakarka ta taɓa ba ka tatsuniyar masunci da zalɓe da gurbi uku, ka rubuto ta hannun masu buga wannan takarda, ka gaya mini abin da ya kama hannunsa. Kada ka ƙaga, kada ka gyara. Yadda ta faɗa maka nake so.