Layuka Biyar da Na Danne

A shekarata ta uku a Sabha na samu aiki a wani shagon buga takardu a unguwar Manshiya, tsakanin garejin gyaran mota da mai gasa burodi. Mai shagon Balarabe ne, mudir muke ce masa, kuma ba ruwansa da abin da nake yi da kwamfuta muddin na sallami mutane. A kwamfutar nan nake riƙe da fayil ɗin mamatanmu.

In aka tsinci gawar baƙo ba takarda, a gona ko a gindin gini ko a hanyar sahara, mu 'yan Nijar ake kira. Akwai wani dattijo ɗan Damagaram, shi ke wanka da sutura, kowa Baba yake ce masa. Kaburburan baƙi ba su da allo, tudun ƙasa ne da dutse a kai. Saboda haka duk wanda aka rufe sai mu rubuta kamanninsa, da abin da aka samu a aljihunsa, da layin da yake, da kabari na nawa ne daga katanga. In dangi suka zo cigiya, fayil ɗin nan ake dubawa.

Wani ɗalibi ne ya haɗa mana fayil ɗin da wayar Baba, yadda in ya rubuta daga maƙabarta zai shigo wurina. Ni kuwa haɗin nan bai taɓa yi mini daɗi ba. Baba da yatsa ɗaya yake rubutu, duk inda ya ga fili nan zai cusa, ya hargitsa mini tsari. Ina da zafin kai a kan aikina, ba na ɓoyewa.

Ranar da abin ya faru tun hantsi na buɗe fayil ɗin ina sake jera shi wata-wata, ban adana ba saboda ban gama ba. Bayan la'asar sai wani ɗan akwati ya fito a tsakiyar allo, yana cewa an canza fayil ɗin nan daga waje, in ɗauko sabon ko in riƙe nawa. Na san ma'anarsa sarai. Ba zan fake da rashin jin Larabci ba, na ji. Na san in na ɗauko sabon, aikin yini ya tafi. Na kuma san hanya ta uku, in adana nawa da wani suna in gwada su biyun, aikin da bai fi shan shayi ɗaya ba. Amma zafi ya dame ni, ga mutum a tsaye yana jiran kwafin katinsa, sai na yi tsaki na ce tsohon nan ya sake taɓa mini abu. Na riƙe nawa, na adana a kan nasa. Na ce in wani abu ne zai kira ni.

Bai kira ba. Shi a ganinsa ya rubuta ya gama.

Bayan kwana uku wani magidanci ya shigo shagon, ƙura har gira. Daga Tanut ya taso neman ƙaninsa, wanda ya biyo mota zuwa nan aka daina jin ɗuriyarsa. Ya ce yaron ba shi da ƙaramin yatsa na hagu, injin niƙa ya cinye shi tun yana ƙarami. Na duba fayil ɗin daga sama har ƙasa, na sake dubawa. Na ce, “Malam, babu shi a nan.”

Wayyo, da kun ga fuskarsa. Ya ɗaga hannu ya yi ta hamdala, ya ce to yana raye ke nan, ya wuce arewa. Ya bar mini lambarsa, washegari ya hau motar Tarabulus.

Sai da mako ya zagayo Baba ya leƙo shagon. Muna hira na ba shi labarin mutumin. Ya ajiye kofin shayi ya ce, “Ɗana, ai ni na wanke ƙanin nasa. Cikin biyar ɗin nan da aka kwaso daga hanya. Ban rubuta maka ba?”

Ya zaro waya ya buɗe. Tsarina ne ya fito, tsaf-tsaf, wata-wata, babu layukansa. Ya ce a bayan takardar buhun siminti ya fara rubuta jerin, da ya kwafe a waya ya yar. Su biyar rana ɗaya aka rufe su a layi ɗaya, kuma ba zai rantse wane ne a ina ba. Mudir ya taya ni tono a cikin kwamfutar, babu tsohon kwafi. Baba ya girgiza kai ya ce laifin yatsansa ne, wataƙila shi ya goge bai sani ba. Ni kuwa na san ni na danne layukan. Wallahi haka na bar tsoho da abin a wuyansa.

Ni na kira mutumin. Kwana biyu ya yi a hanya kafin ya dawo, ya rame kamar wanda ya tashi daga ciwo. Muka raka shi maƙabarta da safe, ni da Baba. Ya tsaya gaban tudu biyar, ya dube su ɗaya bayan ɗaya, ya ce, “Wanne ne?”

Baba ya ce, “Yana cikinsu.”

Mutumin bai yi faɗa ba. Da ma ya zage mu, da na fi samun sauƙi. Ya ɗauki jarkar ruwan da ya zo da ita, ya raba wa kaburburan biyar daidai, ya durƙusa a kan kowanne ya yi addu'a yana kiran sunan ƙaninsa, har sau biyar. Ya ce zai gaya wa tsohuwarsu ya ga kabarin.

Da muka fito ƙofa ya kama hannuna da hannu biyu, ya ce, “Malam, Allah ya saka maka da irin abin da ka yi mana.”

Baba ya ce amin. Ni kuwa amin ɗin ta gagare ni.