Ƙwaryar Goggo a Filin Kalankuwa

Ina ajin ƙarshe na sakandaren 'yan mata a Kazaure wata ƙungiyar mata ma'aikata 'yan asalin yankinmu ta shirya gasa. An gwada mu a karatu da muhawara da girki da shigar gargajiya, kuma wadda ta zo ta ɗaya ƙungiyar za ta ɗauki nauyin karatunta har ta gama jami'a. Ni Allah ya ba wa. Aka ɗora mini wani kambu mai ƙyalli a kan ɗankwali, aka rataya mini koren ƙyalle daga kafaɗa zuwa ƙugu, sannan aka ce Asabar da Lahadi za a zaga da ni jama'a su gan ni.

Malamarmu ta Hausa aka ba wa aikin raka ni. Gajeriyar mace ce mai saurin tafiya. Da ta dubi silifas ɗina sai ta girgiza kai, ta kawo mini takalminta mai tsini. Ya matse ni, amma kunya ta hana ni faɗa.

Da safiyar Asabar muka hau adaidaita sahu zuwa gidan wani dattijo, tsohon ma'aikacin ilimi, wanda aka ce ya sa mini albarka. Muka tarar da shi a zaure da baƙi. Na cire takalmi na durƙusa, ina cewa "Ranka ya daɗe, ina kwana," sai kambun ya zame daga kaina ya gangara har gaban buzunsa. Malama ta runtse ido. Dattijon ya ɗauka, ya jujjuya shi, ya miƙo mini yana murmushi.

"'Yar wane ne ke, yarinya?"

Na ce mahaifina makiyayi ne, rugarmu tana bayan Gwiwa. Nan take ya juya harshe zuwa Fulatanci, ya tambaye ni lafiyar shanu da ta mutanen gida. Ashe kakarsa Bafulatana ce. Na saki jiki na amsa masa da harshenmu.

Bayan azahar motar ƙungiyar ta kai mu wata firamare a Roni, inda aka tara yara dominmu duk da ba ranar makaranta ba ce. Na haddace jawabi mai tsawo a kan ilimin 'ya mace, na kuma zuba shi tas a ƙarƙashin darbejiya. Yaran ba su ji komai ba, idonsu yana kan kaina. Da na gama wata 'yar aji uku ta ɗaga hannu ta ce, "Yaya, abin nan da nauyi?" Na ce ta zo ta gwada. Haka aka yi layi, kowace ta sa, ta taka kamar amarya, sauran suna tafi. Ni kuwa na samu benci na zare ƙafafuna daga takalmin Malama.

Lahadi ita ce ranar gida. An gama girbi, ana kalankuwa a Gwiwa, kuma tun daga bakin gari muke jin kalangu. Ga 'yan kokawa sun ci ɗamara, ga masu rake da ƙosai, babura da kekuna an jingine su ko'ina. Matan rugarmu sun zo da adonsu, suna ganina suka kaure da guɗa. Na hango Baffa, mahaifina, a gefe, sanda a kafaɗa, yana yi kamar bai san ni ba, amma bakinsa ya ƙi rufuwa.

Aka zaunar da ni a kujerar roba cikin rumfa. Ina tsammanin kyauta kawai zan miƙa wa gwanin kokawa, sai mai sanarwa ya ce akwai gasar fura ta mata, kuma ni ce alƙaliya. Aka jera ƙore a kan tabarma, kowace an rufe ta da faifai, ba a faɗi masu su ba. Amma ƙwarya ɗaya na san ta kamar tafin hannuna, don da ni aka ɗinke tsagewar bakinta. Ta Goggo ce, yayar Baffa, wadda ta goye ni ta kuma koya mini damu. Tana tsaye a gaban taro ta harɗe hannu, tana kallona.

Na ɗauki ludayi na bi su ɗaya bayan ɗaya. Furar Goggo tana nan yadda na san ta, ga kauri ga kindirmo. Sai na kai kan wata 'yar ƙwarya ta ƙarshe. Furar ta yi laushi, ba gudaji ko ɗaya, ƙamshin citta da kanumfari yana biyo baya a hankali. Na sake kurɓa. Na waiwaya wajen Malama, ta raɗa mini, "Abin da harshenki ya faɗa miki."

Na nuna ƙaramar ƙwaryar. Wata tsohuwa da ta zo daga Achilafiya ta fito tana rufe fuska da mayafi, aka ba ta turmin atamfa.

Goggo ba ta jira an watse ba. Ta tako har cikin rumfa ta tsaya a kaina.

"Ke ɗin da na goya?"

"Goggo, ki ɗanɗana ki ji."

Ta karɓi ludayin ta kurɓa. Ta sake kurɓa.

"Kanumfarin ya yi yawa," in ji ta, ta ƙara ludayi guda.

Kafin la'asar na hango su a kan tabarma ɗaya ita da tsohuwar, suna ta musu a kan irin geron da ya fi yin fura. Daga ranar suka ƙulla ƙawance, har bikin jikokin juna sun halarta. Ni dai Goggo ba ta janye hukuncinta a kaina ba. Ranar da zan tafi jami'a ta cika mini jaka da fura, tana gaya wa matan gida cewa boko kam na iya, amma harshena bai san daɗi ba.