Za a Sake Kashe Ka Ranar Juma'a

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, tara ga wata, da hantsi, ƙaninka ya kira ni ya ce rai ya yi halinsa a asibiti. Tun daga lokacin hankalina bai kwanta ba, abokina, kuma ba rashinka kaɗai ke ci na ba.

Ni na rubuta Gatari, makashin nan na wasanmu na talabijin, kai kuma ka fito a matsayinsa har mutane suka manta sunanka na yanka. Na so ka riƙa zare ido kana huci, ka ƙi. Ka ce, "Haba marubuci, mugun gaske da fara'a yake gaishe ka, har ya tambayi yara." Haka ka yi, tsoronka ya shiga kowane gida. Wata mai kayan miya ta hana ka tumatir, ta bi ka da Allah ya isa. Kai ko dariya ka yi, ka taya ta ɗaga kwando. Ina ma sun ga yadda kake kawo ruwa ga duk wadda ka shaƙe a gaban kyamara, kana ta ba ta haƙuri.

Masu kallo suka tasa mu gaba: sai an kashe Gatari, kuma sai sun ga gawa da idonsu. Muka yi musu yadda suke so. Ka kwanta a bakin kwata ka ɗauke numfashi, har ka sa aka sake ɗauka wai ƙirjinka ya motsa. Wallahi ranar tafa maka na yi.

To, Juma'ar nan za a haska wannan kashin. Na roƙi shugaban tashar ya ɗage, ya ce an riga an sanar. Ga shagon askin da ake cika maƙil ana kallo, bango ɗaya ne tsakaninsa da ɗakin mahaifiyarka. Ina tsoro, abokina. Tsohuwar nan tana zaman makokinka, za ta ji unguwa ta ɗauki sowa ana cewa Allah ya raka taki gona.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka makwancinka, ya ba Inna da iyalinka da ƙannenka haƙuri. Ku kuma masu kallo, na haɗa ku da Allah: in kun ga ya faɗi, ku rage murya. Uwarsa na ji.